Ruwan wanki a bakin famfo, da maganar da ba a kashewa a gida

Rabi Mai Waakye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san doka ya fitar da ni daga duhu. Jiya da safe ƙanwata ta yi cacar baki da wata maƙwabciyarmu a bakin famfo. Gidan haya ne a Aboabo nan Kumasi, ɗaki 14 famfo ɗaya, kun dai san yadda ake. Matar ta shure mata bokiti daga layi, ita kuma zuciya ta ɗebe ta, ta sheƙa mata ruwan wankin da ke gabanta, ta fizge mata ɗankwali. Wallahi ko ƙwarzane babu. Kafin azahar sai ga ɗan sanda, wai ana nemanta kan "asolt". Sai bayan magariba muka samu beli. Ni a sanina asolt duka ne har a ga jini, ko kuma irin abin nan da maza ke yi wa mata. Ruwan sabulu kuma fa?

Awudu Pragya: Wa'alaikumus salam. Anti Rabi, in watsa ruwa laifi ne, ai rabin matan Aboabo sai kurkukun Nsawam 😂

Fati Kejetia: Awudu, ana maganar manya. Je ka nemi fasinja.

Lauya Hamza: Hajiya Rabi, sannu da tashin hankali. Sai dai ɗan sandan bai yi kuskure ba. Dokar laifuka ta Gana ta 1960, wadda muke ce wa Akt 29, ba ta jiran ganin jini. Sashe na 86 cewa ya yi, duk wanda ya taɓa wani ba da yardarsa ba, da nufin ya ji masa ciwo, ko ya tsorata shi, ko ya ɓata masa rai, ko ya tunzura shi, ya yi laifi. Ba sai da hannu ba. Ruwa, yawu, ko ka sakar wa mutum kare, duk ɗaya ne. Tufafin da ke jikin mutum ma jikinsa ne a wurin doka, shi ya sa ɗankwalin nan ya shiga lissafi.

Akwai iri biyu kuma da mutane ba su sani ba. In ka ɗaga taɓarya ka yi kan mutum har ya sakankance yanzu za ta sauka a kansa, ko ba ta sauka ba, ka yi laifi, sashe na 87 ke nan. In ka kulle mutum a ɗaki ko a shago ka hana shi fita, kamar yadda wasu iyayen gida ke yi wa yaran koyon aiki, wannan ma asolt ne, sashe na 88.

Rabi Mai Waakye: Inna lillahi. To Lauya, ɗaure ta za a yi? Tana da goyo fa.

Lauya Hamza: Kwantar da hankalinki. Ƙaramin laifi ne, iyakarsa shekara 3 a takarda, amma irin wannan da ba rauni kuma karon farko ne, yawanci tara ce ko a sa ta rattaba hannu cewa za ta zauna lafiya. Da ta ji mata ciwo, da magana ta koma sashe na 69, wanda ke iya kai mutum shekara 10. Da wuƙa ko adda ta ɗauka ta sare ta, da yanzu wani zancen muke yi. Kuma dokar kotuna ta 1993 ta ba alƙali dama ya ƙarfafa sulhu a ƙananan laifuka irin wannan. Ku samu dattijuwa ɗaya da matar ke jin nauyinta, ku je ku ba ta haƙuri, ku saya mata sabon ɗankwali. In ta sauko, sauran mai sauƙi ne.

Alhaji Ɗantani: To madalla. Abin da nake faɗa kullum ke nan. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A zamaninmu mai unguwa ke kashe irin wannan, in ta gagara a kai gaban Sarkin Zango. Yanzu da an taka ƙafar mutum sai polis. Ashe ita kanta dokar ta san darajar sulhu.

Lauya Hamza: Ta sani, Alhaji, amma ta yi masa iyaka.

Fati Kejetia: Tunda an buɗe wannan babi, Lauya, ga tawa. Watan jiya na taso daga kasuwa na shiga trotro, motar haya, zuwa Tafo, kujerar baya, an matse mu kamar kifin gwangwani. Wani mutum kusa da ni, da rigarsa fes da jaka a cinya, sai na ji hannu yana yawo ƙarƙashin hijabina. Na matsa, ya biyo. Na sake matsawa har na manne da taga, ya biyo. Na zare fil ɗin hijabi na luma masa a bayan hannu. Ya yi ƙara kamar akuya. Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Yaron mota da wata tsohuwa suka hau ba NI haƙuri, wai fa ma Nyame, a bar wa Allah. Shi kuwa ya dire a tasha ta gaba yana zagina. Wannan yana da suna a doka, ko haka za mu yi ta haɗiyewa?

Lauya Hamza: Yana da suna, Anti Fati, sashe na 103. Taɓa jikin mutum taɓawar sha'awa ba da yardarsa ba, wadda ba ta kai ga saduwa ba. Hukuncinsa bai gaza wata 6 a kurkuku ba. Mace ko namiji, duk wanda aka yi wa. Fil ɗinki kuwa kare kai ne, doka ta yarda mutum ya kare kansa daidai gwargwadon abin da ya tunkaro shi. Da kin bi shi bayan ya sauka kin fasa masa kai da dutse, da ke ma kin shiga.

Awudu Pragya: Ni ba da Anti Fati nake ba. Amma gaskiya in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku zo Adum ku ga shigar da wasu 'yan mata ke yi.

Fati Kejetia: Kai Awudu, na haife ka. Hijabina har gwiwa, ga buhun albasa a ƙafata. Wane wari ka ji?

Nas Zulaiha: Awudu, ka zo ka yi mana dare ɗaya a wurin aiki. Waɗanda ake kawo mana da yunifom ɗin makaranta suke, wasu da allo suka fita daga gida, wasu ko maganar kirki ba su iya ba tukuna. Daga nan sai ka gaya mini wace daddawa ce.

Awudu Pragya: Na janye. Allah ya huci zuciyarku.

Magajiya Hawa: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jinjina ko in yi magana. Zan yi, amma kar wanda ya tambaye ni suna ko unguwa, ko a nan ko ta bayan fage. Uwar yarinyar tana zaune kusa da ni yanzu, da izininta nake rubutawa.

Yarinya ce 'yar shekara 14, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, in ta taso tana taya uwarta tallar ruwan sanyi. Shekaranjiya da daddare wani magidanci a gidan da suke haya, ɗan ƙanin mai gidan ne, ya aike ta sayo masa shayi ya ce ta kai masa ɗaki. Abin da ya faru ya faru. Ba ta gaya wa kowa ba, sai jiya uwar ta ga ta ƙi cin abinci, ta ƙi zuwa makaranta, tana tafiya da ƙyar. Da aka matsa mata ta faɗa.

Yau da safe dangin mutumin sun turo dattawa uku da goro da kuɗi a ambulan, sidi 3,000. Sun ce a rufa wa juna asiri, in ma ana so zai aure ta. Mai gida kuma ya aiko cewa in magana ta fita waje su nemi wani ɗaki. Uban yarinyar yana tafiya, ƙaninsa ne ke nan, shi kuma ya karkata ga karɓa. Uwar ba ta so, amma tana tsoro. Me za mu yi?

Nas Zulaiha: Magajiya, ku ajiye duk wata muhawara, asibiti tukuna, kuma yau, ba gobe ba. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar kanjamau bayan irin wannan, amma sai an fara shi cikin awa 72, sannan a sha kwana 28. In shekaranjiya da daddare ne, kun kusa cin kwana biyu. Akwai na hana ɗaukar ciki, shi ma da lokaci yake aiki. Kayan da ta sa a daren nan, in ba a wanke ba kar a wanke. A naɗe su a takarda ko ambulan babba, ba a roba ba, roba tana sa su gumi su lalace. In ta riga ta yi wanka ba komai, ku zo a haka. Kuma don Allah kowa ya daina yi mata tambayoyi. Kar a ce "me ya kai ki ɗakinsa". Aikenta aka yi.

Lauya Hamza: Na goyi bayan Nas. Daga nan sai DOVVSU, sashen 'yan sanda da ke kula da rikicin gida da cin zarafi, wanda tsofaffinmu suka sani da WAJU tun 1998. Za su ba ku fom ɗin likita, likita ya cike, a mayar musu. Wannan takardar ita ce ƙashin bayan shari'ar.

Yanzu ga doka, kuma ina so dattawan zaure su saurara da kyau. Wannan ba irin na bakin famfo ba ne. Sashe na 101: duk wanda ya sadu da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba, da yardarsu ko ba da yardarsu ba, ɗaurin shekara 7 ne mafi ƙaranci, 25 mafi yawa. Ko da zai ce ita ta kawo kanta, doka ba ta jin wannan, domin a wurinta 'yar ƙasa da 16 ba ta da bakin cewa "na yarda" a wannan sha'ani. In mace ta kai 16 aka yi mata ba da yardarta ba, shi ne fyaɗe a sashe na 97 da 98, shekara 5 zuwa 25.

Waɗannan ba sa cikin abin da alƙali zai ce ku je ku sasanta. Shari'ar ma ba ta uwar yarinya ba ce, ta Jamhuriya ce, wato gwamnati. Ko dokar 2022 da ta ba masu gabatar da ƙara damar yin ciniki da wanda ake tuhuma a rage masa, ta cire fyaɗe da lalata da ƙananan yara daga ciki. Wanda kuma ya karɓi kuɗi don a binne laifi, shi ma ya yi nasa laifin. Batun aure kuwa, dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18, kuma ita ce ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro nauyin kai rahoto ga jami'an jin daɗin jama'a. Wato Magajiya, tunda kin ji, ke ma yanzu akwai nauyi a kanki.

Alhaji Ɗantani: Lauya, na ji karatunka. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ba goyon bayan ɗan iskan nan nake ba, Allah ya isa tsakaninsa da yarinyar. Ita nake dubawa. Gobe in an shiga kotu duk Zango ya sani. Shi ya yi shekarunsa ya fito ya yi aure, ita kuma har ta tsufa ana nuna ta da baki. Wa zai zo neman aurenta? Sannan uwar nan mai tallar ruwa, ita za ta riƙa barin sana'a tana zuwa kotu ana ɗagawa, yau wata uku gobe wata shida? Na ga waɗanda suka fara da zafi suka gaji a hanya, ba su samu shari'a ba, ba su samu rufin asiri ba.

Lauya Hamza: Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai gaskiya a maganarka. Ana ɗage shari'a har mutum ya gaji, kuma yawancin waɗanda suka mutu a hanya don shaidu sun daina zuwa ne. Wani abin ma da ya kamata uwar ta sani tun yanzu: tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 babu laifin da aka ce sam ba a ba da beli a kansa, don haka yana iya fitowa kafin a gama. Kar ta ga haka ta ɗauka an sayar da shari'ar. Amma alƙali na iya sauraron yarinyar a keɓe ba a gaban jama'a ba. Kuma dokar rikicin gida ta 2007 ta haɗa har da waɗanda ke haya a gida ɗaya, saboda haka ana iya neman kotu ta hana shi kusantarta.

Inna Meri: Alhaji, da girmanka, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Shekarun baya an yi wa 'yar ƙanwata haka, aka ce a kashe a gida. Ina zaune a tsakar gidan. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi addu'a, aka raba goro, aka miƙa kuɗi. Kawunanta biyu suka raba a zaure, ɗaya ya gyara babur ɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yarinyar tana ɗaki, ko leƙa ta ba wanda ya yi. Asirin da aka ce an rufa, kafin Juma'a har masu koko sun sani, domin dattawan da suka zo kowanne yana da mata. Ita aka tura ƙauye, ta bar makaranta. Shi ya ci gaba da zama a bencinsa a ƙofar gida. Bayan shekara biyu ya sake yi wa wata, ƙarama da tamu. Ranar da na ji, na kasa haɗa ido da uwar waccan yarinyar a kasuwa, har yau kuma ban iya ba.

Fati Kejetia: Allahu akbar. Inna, Allah ya saka muku.

Malam Shu'aibu: Ina so in gyara wani abu, domin da sunan addini ake yawan yin wannan. Suturta Musulmi gaskiya ne, amma malamai sun yi maganarsa a kan wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, bai cuci kowa ba. Nan akwai haƙƙin ɗan Adam, kuma mai haƙƙin yarinya ce, ba kawunta ba. Ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba, balle ya sayar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Dangin mutumin nan za su ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To ba a ce su yar ba, an ce su riƙe shi kar ya kai ga 'yar wani. Wanda kuma za a kira ya ɗaura wannan aure, ya ji tsoron Allah.

Nuru Boga: Gaisuwa daga Hambug. Lauya, tambaya a gefe. A nan Jamus mace na iya kai mijinta ƙara kan ya tilasta mata. A Gana ma haka ne? Domin na ji ana gardama.

Lauya Hamza: A da Akt 29 tana da wata magana a sashe na 42 cewa yardar da aka bayar ranar aure ba ta janyuwa sai an rabu. An cire ta a 2007. Dokar rikicin gida ta wannan shekarar kuma ta sa tilastawa cikin abin da ta hana tsakanin ma'aurata.

Sani Tela: Wannan kuma dokar Turawa ce. Matar da na biya sadakinta?

Fati Kejetia: Sadaki ka biya, Sani, ba rasit ɗin keken ɗinki aka ba ka ba.

Baba Sadik (mai kula da zaure): Ya isa. Wannan babi ne mai tsawo, za mu buɗe masa ranarsa, Malam da Lauya duk su zo da shiri. Yau akwai yarinya da agogo ke ci.

Sani Tela: Na bari. Amma Lauya, tambaya ta tsakani da Allah, ba gardama ba. In yaro namiji ne fa? Muna jin abubuwa, ba mai iya faɗa.

Lauya Hamza: Sashe na 101 "yaro" ya ce, bai ware mace ba. Hukunci ɗaya ne, 7 zuwa 25. Kalmar fyaɗe ce kawai dokarmu ta keɓe wa mata. In babban namiji aka yi wa da ƙarfi, wani sashe ne, na 104, shi ma 5 zuwa 25. In akwai abin da ka sani, Sani, ka neme ni ni kaɗai.

Magajiya Hawa: Na karanta wa uwar duka, har da na Alhaji, ban ɓoye mata komai ba. Ta yi kuka, ta ce a je. Kawun yana waje yana faɗa, ya ce in ta fita ba da yawunsa ba. Ambulan ɗin na karɓe na ajiye yadda aka kawo shi. Damuwarta biyu: kuɗin asibiti, da inda za su kwana.

Lauya Hamza: Kar a taɓa ko sidi ɗaya a ambulan ɗin. Ku tafi da shi, ku gaya wa 'yan sanda wa ya kawo da kuma yaushe.

Nas Zulaiha: A takarda dokar 2007 ta ce magani kyauta ne ga wanda aka ci zarafinsa. A zahiri na taɓa raka wata wani asibiti aka ce sai an biya kafin likita ya sa hannu a fom, muka yi ta kiran 'yan'uwa har dare. Ku riƙe wani abu a hannu kar wannan ya mayar da ku gida.

Baba Sadik (mai kula da zaure): Mai niyya ya turo ta MoMo ɗina, asusun kuɗina na waya, zan kawo lissafi a nan gobe. Kuma duk wanda na ji ya ɗauki hoton wannan hira ya kai wani wuri, ko ya je yana binciken wane gida ne, zan fitar da shi ba sallama.

Nuru Boga: Na tura.

Alhaji Ɗantani: Ni dai har yanzu ina jiye wa yarinyar bakin mutane, ba zan ɓoye ba. Amma korar mace da 'yarta daga ɗaki a kan wannan, ba a gabana ba. Magajiya, ki kira ni ki gaya mini wane ne mai gidan, ni kaɗai. Bayan sallar asuba zan same shi.

Rabi Mai Waakye: Ni da na zo da kukan ɗankwali, ga shi kunya ta kama ni. Magajiya, ɗakina ɗaya ne amma akwai katifa ta biyu. Su zo su kwana har a ga abin da hali zai yi.

Awudu Pragya: Magajiya, na sauke fasinjan ƙarshe. Ki turo mini inda zan tsaya, ba sai a ƙofar gidan ba, ko bayan layi ne. Zan sauke labulen gefe. Ba kuɗi.

Magajiya Hawa: Na turo maka. Ka kashe waƙar nan taka kafin ka iso.

Nas Zulaiha: Sun iso. An ba ta ƙwayar farko ƙarfe 9:40. Fom sai da safe.

Rabi Mai Waakye: Na ɗora ruwan zafi, akwai sauran waakye. In kun zo ku ƙwanƙwasa taga ta baya a hankali, maƙwabciyar tamu ba ta yi barci ba tukuna.